Mai Yi Wa Abinci Iso

A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gida kai tsaye. Ko daga Maraɗi ya taso, ko daga Kumasi, idan ya iso ƙofar gida sai ya ja ya tsaya, ya yi sallama. Idan ba a amsa ba, ya waiga ya nemi yaron da ke wasa a gindin dakali, ya ce, "Kai yaro, shiga ka ce ana sallama da Malam." Yaro ya ruga ciki, a tambaye shi, "In ji wa?" Ya dawo ya tambaya, ya koma da suna. Nan da nan an shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo ruwa a kwano, ana ta lale marhabin da sannu da hanya. Mutumin nan dai, da fuskarsa da tsarabarsa, da a ce cikin dare aka gan shi a tsakar gida babu wanda ya yi masa iso, ihu za a kwarma, samarin gida su fito da gora da taɓarya. A cikin hargitsin randa ta fashe, wani ɗan gida ya karye, kafin a gane ashe ƙanin maigida ne. Abin da ya raba tabarma da gora shi ne yaron nan da ya shiga da saƙo.

Hanjin ɗan Adam zaure ne da baƙi ba sa yankewa. Daga kokon safe zuwa tuwon dare, kowace loma baƙuwa ce, domin furotin da ke cikin gyaɗa ko ƙwai ko madarar saniya ba na jikin mutum ba ne. Bangon hanjin siriri ne ƙwarai, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, kuma a bayansa garkuwar jiki ta jibge mayaƙa masu yawa, tunda ta nan kwalara da taifot suke kutsowa. Duk da haka yawancin mutane sukan ci abinci shekara saba'in mayaƙan nan ba su taɓa ɗaga wa loma hannu ba. Akwai mai yi wa abinci iso ke nan, kuma masana sun daɗe suna neman sanin ko wane ne.

Inda isowar ta ɓaci, nan ake samun abin da likitoci ke kira alaji, mu kuma mu ce abincin bai karɓi mutum ba. Yaro zai gutsuri ƙuli-ƙuli, cikin 'yan mintoci leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa a wuya da ciki, ya fara soshe-soshe, sai amai. Idan abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jini ya faɗi, yaro ya yi laƙwas. Abin da ya faru a ciki shi ne, tun a wata haɗuwa ta baya jiki ya rubuta gyaɗa cikin jerin maƙiya, ya ƙera mata wani makami da ake kira IgE, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1960. Makamin yana maƙale a jikin wasu ƙwayoyi da ke cike da sinadarin histamin. Da zarar gyaɗa ta sake shigowa sai su fashe gaba ɗaya. Gyaɗar ba ta cuci kowa ba, duk ɓarnar ta 'yan gida ce. Wannan ya sha bamban da na mutumin da ke shan madara cikinsa ya yi ta ƙugi da kumburi saboda ba ya iya narkar da sukarin cikinta. Wancan matsalar narkewa ce, tana da wahala amma ba ta shaƙe mutum.

A Amurka ana ƙiyasin cewa yaro ɗaya cikin kowane 13 yana fama da irin wannan alaji. Dokar ƙasar ta wajabta a rubuta sunan abinci tara a jikin duk abin da aka sarrafa da su: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a farkon 2023. Shekaru da yawa babu abin da likita ke iya faɗa wa iyaye sai su kiyaye, su kuma riƙa yawo da allurar adirenalin a jaka. A 2020 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da Palforzia, garin gyaɗa da aka auna, ana ba yaro ɗan mitsitsi kullum ana ƙarawa a hankali har jiki ya rage zafin kai. A 2024 ta amince da allurar Xolair, wadda ke kama makamin IgE ta riƙe. Dukansu ci gaba ne, amma na farkon yakan tayar da alajin da ake gudu a lokacin sha, na biyun kuma riƙe hannun samarin gida kawai yake yi, ranar da aka daina allura su koma gidan jiya. Har yanzu baƙo bai samu wanda zai faɗi sunansa ba.

Hasken farko ya zo daga Landan. Likita Gideon Lack da abokan aikinsa sun lura a 2008 cewa yaran Yahudawa da ke Ingila sun ninka 'yan'uwansu na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyaɗa, alhali a Isra'ila tun jariri yana 'yan watanni ake ba shi wani abin ƙwalama mai gyaɗa da ake kira Bamba, a Ingila kuwa a lokacin hana shi ake yi. Suka ɗauki jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka riƙa ba rabi gyaɗa, aka hana rabi. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa da suka kai shekara biyar, kusan kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, waɗanda aka ba kuwa kusan kashi 3 ne kacal. Bayanin da Lack ya kawo shi ne, idan furotin gyaɗa ya fara haɗuwa da jiki ta tsagaggiyar fata, kamar ta jariri mai ciwon ƙaiƙayin nan da ake kira ekzima, jiki yakan ɗauke shi maƙiyi. Idan kuwa ta baki ya fara shiga, yakan samu karɓuwa. Na farko ya tsallako ta katanga ne, na biyu ya biyo ta ƙofa.

To, a bakin ƙofar wa ke karɓar saƙo? Nan ne maganar bakteriya ta shigo. A jikin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, kuma akasarinsu 'yan gida ne. Wasu daga cikinsu suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Sinadarin nan yana ciyar da bangon hanji, yana kuma taimakawa a samu wasu ƙwayoyin garkuwa da masana ke kira Treg, waɗanda aikinsu shi ne aikin dattijon gida: idan samari suka taso, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bari, namu ne." A 2013 Kenya Honda da tawagarsa a Japan suka ware nau'i 17 na bakteriyar Clostridia daga hanjin mutum, suka nuna cewa suna ƙara yawan waɗannan dattawan a hanjin ɓeraye. A 2014 Cathryn Nagler ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa ɓerayen da aka raina babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu, da waɗanda aka ɗura wa antibayotik tun suna ƙanana, sun fi saurin ɗaukar gyaɗa a matsayin maƙiyiya, kuma da aka mayar musu da Clostridia sai abin ya lafa. A 2019 ta ƙara gaba tare da likitocin birnin Naples na Italiya. Aka ɗebi bakteriyar kashin jarirai masu lafiya aka sa wa wasu ɓeraye, aka ɗebi ta jarirai masu alajin madara aka sa wa wasu. Da aka ba su madara, na farkon suka tsira, na biyun suka kamu da mummunan alaji. Aka bi diddigi har aka kai ga bakteriya guda, Anaerostipes caccae, wadda ita kaɗai ta isa ta kare ɓera.

Wannan ya sa aka sake duban tambayar da ta daɗe tana damun likitoci: me ya sa alaji ya fi yawa a inda aka fi wadata? Tun 1989 David Strachan ya lura a Ingila cewa yaron da ya tashi cikin yayye da yawa bai cika samun alajin atishawa ba. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Filorens. Na ƙauyen sun fi yawan bakteriya masu narkar da dusa, sun kuma fi yawan sinadaran dangin butiret. A Afirka ta Kudu an auna yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, aka samu alajin abinci ga kimanin 25 cikin 1,000 a birnin Cape Town, a ƙauyukan Gabashin Cape kuwa 5 cikin 1,000. Yawan shan antibayotik, da abincin da aka tace aka cire masa dusa, da ƙarancin shayar da nono, duk suna cikin abubuwan da ake zargi da rage 'yan gidan nan.

Idan an rasa su, mafita mafi sauƙi ita ce a sha wasu, wato abin da ake kira furobayotik, bakteriya masu rai da ake haɗiya don amfanin jiki. Farfesa Mimi Tang ta birnin Melbon a Ostireliya ta gwada haka. Ta haɗa garin gyaɗa da bakteriyar Lactobacillus rhamnosus ta ba yara har wata 18, kuma a rahoton 2015 kashi 82 cikin 100 sun iya cin gyaɗa bayan an tsayar da magani, alhali a ɓangaren da ba a ba maganin gaske ba bai kai kashi 4 ba. Duniya ta yi murna. Amma da aka maimaita da yara 201, aka ware masu shan gyaɗa da bakteriya daban, masu shan gyaɗa zalla daban, sakamakon 2022 ya nuna kashi 46 a ɓangaren farko, kashi 51 a na biyu. Ashe gyaɗar ce ta yi aikin, bakteriyar ta dai rage wa yara wahalar ciki. Darasin a fili yake. Ba kowane yaro da ka gani a ƙofar gida ne ya san hanyar ɗakin maigida ba, wanda ya sani ɗin ma ba lallai ya riƙe saƙo ba. Yawancin furobayotik da ake sha wucewa suke yi cikin 'yan kwanaki.

Daga nan tunanin masu gyaran ƙwayoyin gado ya taso: tunda haka ne, a ɗauki yaro mai hankali a koya masa saƙon baki da baki. Wanda aka fi zaɓa shi ne Lactococcus lactis, bakteriyar da ake yin cuku da ita a Turai tun kaka da kakanni, dangi ga waɗanda ke mayar mana da madara kindirmo. Ana ɗauko ɗan guntun rubutun gado mai ɗauke da umarnin ƙera wani furotin, a dasa shi cikin nata. Daga ranar, ita da duk 'ya'yan da za ta haifa za su riƙa ƙera furotin ɗin suna fitarwa a duk inda suka sauka. A shekarar 2000 Lothar Steidler na Jami'ar Gent a Beljiyam ya dasa mata umarnin ƙera IL-10, wanda shi ne kalmar "a yi haƙuri" a harshen garkuwar jiki, ya ba ɓeraye masu kumburin hanji suka samu sauƙi. A 2007 ya haɗa kai da likitocin yara na birnin Jeniba, aka ba ƙananan ɓeraye wannan bakteriya kafin a haɗa su da furotin madara, sai aka ga makamin IgE da tsananin alajin duk sun ragu.

Wasu suka bi ta ɗaya ɓangaren saƙon, wato sunan baƙo. A Faransa, a 2005, an sa wannan bakteriya ta riƙa ƙera furotin madarar saniya da kanta, domin garkuwar jiki ta fara ganinsa a hannun wanda ta sani. Ɓerayen sun samu kariya, ko da yake ba cikakkiya ba. A ƙasar Sin an yi irin wannan da Ara h 2, furotin da ya fi kowanne tayar da alajin gyaɗa. Burin da ake hange shi ne a haɗa biyun a baki ɗaya, bakteriya ta shiga ta ce ga wane nan, kuma a bar shi. Da ɗan gari akan ci gari. Amfanin wannan hanya a bayyane yake: saƙon yana sauka daidai bangon hanji inda ake yanke hukunci, ba sai ya zaga jini duka ba, kuma bakteriya ba ta da tsadar rainon da magungunan allura irin su Xolair suke da ita.

Sai dai duk nasarorin nan a jikin ɓeraye aka same su, kuma mafi yawansu rigakafi ne tun alaji bai kama ba. Shawo kan jikin da ya riga ya ƙulla gaba wani aiki ne daban. An ga haka a Amurka, inda aka cusa furotin gyaɗa da aka gyara a cikin bakteriyar E. coli da aka kashe da zafi, aka gwada a jikin manya goma masu alaji. A rahoton 2013, biyar daga cikinsu ba su iya kammala gwajin ba saboda jikinsu ya tayar, har biyu suka shiga matsanancin hali. Bakteriyar Steidler mai IL-10 ta shiga jikin mutane goma masu cutar hanji ta Crohn a Amsterdam, aka tabbatar a 2006 cewa ba ta cutarwa, amma gwajin da ya biyo baya a kan wata cutar kumburin hanji bai nuna amfanin da aka sa rai ba. Kamfanin Synlogic na Amurka, wanda ya fi kowa nisa wajen mayar da gyararriyar bakteriya magani, ya tsayar da babban gwajinsa kan wata cutar gado a watan Fabrairun 2024 saboda alamu sun nuna ba zai kai ga gaci ba. Ƙwayar magani ana auna ta, a san ko miligiram nawa aka sha. Abu mai rai kuwa yau ya yi aiki da yawa, gobe ya yi kaɗan, gwargwadon abin da mutum ya ci da kuma maƙwabtan da ya tarar a hanji.

Akwai kuma tambayar da duk mai hankali zai yi: idan ɗan aiken ya fita daga gida ya shiga gari fa? Abin da aka haɗiya da rai zai fita ta bayan gida, ya bi kwata, ya shiga ƙasa da ruwa. Steidler ya yi wa wannan dabara a 2003. Ya cire wa bakteriyar umarnin ƙera wani sinadari mai suna timidin, wanda ba ta rayuwa sai da shi, ya dasa na IL-10 a gurbinsa. A ɗakin gwaji ana ba ta timidin a abinci, idan ta fita duniya ta rasa shi sai ta mutu. Gwajin Amsterdam ya nuna dabarar ta yi aiki. Duk da haka abu mai rai yana bukatar taka-tsantsan ko da ba a taɓa gadonsa ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu sakamakon furobayotik da ya shiga jininsa.

Mu ina muka tsaya a wannan magana? Mu mutanen gyaɗa ne, daga dalar Kano zuwa kunun da ake yaye yaro da shi, zuwa yajin tsire. A Gana an yi bincike a kan 'yan makaranta 1,604, aka samu kashi 17.5 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu suna da IgE na gyaɗa, amma waɗanda suka ce tana tayar musu da wani abu kashi 1.5 ne kawai. Masu binciken sun danganta wannan giɓi da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ya ƙera makamin da ke kama da na gyaɗa amma ba ya harbi. Wannan ya nuna cewa ma'aunin da aka yi don yaron Landan zai iya yaudarar likita a kan yaron Tamale ko Zinder, haka ma bakteriyar da aka gyara don hanjinsa. Idan maganin ya iso Najeriya wata rana, sai ya bi ta hannun NAFDAC da hukumar kula da gyararrun halittu da aka kafa a 2015, kuma hukumomin ba za su iya yanke hukunci mai kyau ba sai jami'o'inmu sun san abin da ke cikin hanjin yaranmu, da cikin ƙwaryar nononmu, da daddawa da kamu. Wannan bincike ne da ya kamata a fara tun yanzu, tun birni bai gama sauya mana ciki ba.

Ni ina fatan aikin nan ya yi nasara, domin akwai iyayen da ba sa barci idan ɗansu ya tafi gidan biki. Amma a faɗi gaskiya yadda take: zuwa yau babu wata gyararriyar bakteriya da wata hukuma ta amince da ita don maganin alajin abinci, kuma duk wanda ya tallata maka kwalba ya ce tana warkar da shi, kuɗinka yake so.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Uwa ta shayar da nono zalla wata shida. Idan aka fara ba jariri abinci, kada a jinkirta masa ƙwai dafaffe da kunun gyaɗa mai laushi, na gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, sai fa idan yana da ciwon fata mai tsanani ko ya taɓa nuna alamar alaji, to a fara ganin likita. A daina zuwa kemis ana sayo wa yaro antibayotik don mura ko fitar haƙori. A bar wa gero da dawa dusarsu, a riƙe wake da zogale da kuka a tukunya. Wanda kuma ya ga ɗansa ya ci wani abu leɓe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, kada ya tsaya neman Piriton ko jiƙo. A ɗauke shi a nufi asibiti a lokacin, a faɗa wa likita abin da ya ci, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai a wannan hali.